Maƙwabci daga Nesa: Tafiyar Aikin Sa-kai ta Kiristoci Bayan Bala'i

Tafiyar aikin sa-kai bayan bala'i al'ada ce da ta yi jijiya a majami'un Kirista, musamman na Amurka da Kanada. Idan ambaliya ko mahaukaciyar guguwa ko girgizar ƙasa ta rugurguza wani gari, sai ikilisiya ta tara wasu daga cikin 'ya'yanta, su ajiye sana'arsu na mako ɗaya ko biyu, kowa ya biya wa kansa kuɗin mota ko na jirgi, su tafi su kwashe laka, su gyara rufi, su ta da bango. Ba wanda ake biya ko sisi. A cikinsu akan sami kafintoci da magina da suka yi ritaya, da ɗalibai masu hutu, da ma'aikatan ofis da ba su taɓa riƙe guduma ba. Masaukinsu yawanci wata majami'a ce ta kusa da inda abin ya faru. Nan suke shimfiɗa katifu a ƙasa, su buɗe yini da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, da dare kuma su sake taruwa a kan haka. Robert Wuthnow, masanin zamantakewa na Jami'ar Princeton, ya ƙiyasta a littafinsa na 2009 cewa Kiristocin Amurka kimanin miliyan 1.6 ne ke fita ƙasashen waje irin wannan gajeriyar tafiya ta mishan kowace shekara. Ba dukansu bala'i ke kai su ba; wasu koyarwa suke zuwa yi, wasu aikin asibiti, wasu wa'azi. Amma tafiyar bayan bala'i ita ta fi taɓa zuciya, ita kuma ta fi fito da tambayar da ke ƙarƙashin al'adar duka: mene ne haƙƙin wanda ya rasa komai a kan baƙon da ya zo taimakonsa da sunan Allah?

Masu wannan tafiya suna kafa hujja da wurare sanannu a Littafi Mai Tsarki. Na farko shi ne misalin Basamariye a sura ta 10 ta Linjilar Luka. Wani masanin Attaura ya tambayi Yesu ko wane ne maƙwabcinsa, sai aka ba shi labarin matafiyin da 'yan fashi suka yi wa jina-jina a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Manyan addini biyu suka gan shi suka kauce. Wanda ya tsaya mutum ne daga kabilar da Yahudawa ba sa ga maciji da ita. Darasin da majami'u ke ɗauka shi ne maƙwabtaka ba ta tsaya ga jini ko unguwa ko addini ba. Sai kuma sura ta 25 ta Matiyu, inda aka nuna cewa a ranar shari'a za a duba yadda mutum ya yi da mayunwaci da baƙo da marar tufa da ɗan kurkuku, kuma abin da aka yi musu kamar Almasihu aka yi wa. Wasiƙar Yakubu ta ƙara da cewa bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba matacciya ce. Masu ginin kuwa suna son littafin Nehemiya, wanda ya baro fadar Sarkin Farisa ya koma Urushalima, ya raba wa kowane gida yankin garun da zai gyara, aka gama cikin kwana 52.

Agaji na farko da ikilisiya ta aika nesa yana cikin sura ta 11 ta Ayyukan Manzanni. An yi yunwa a zamanin sarkin Rum Kalaudiyas, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka ba Barnaba da Shawulu su kai wa dattawan ikilisiyar Yahudiya. Abin lura shi ne mutum biyu kawai suka tafi, abin da suka ɗauka dukiya ce, suka kuma damƙa ta a hannun shugabannin wurin su raba. Daga baya, a annobar da ta addabi daular Rum wajen shekara ta 250, Bishop Kiprianus na Kartaj ya umarci jama'arsa su yi jinyar marasa lafiya har da waɗanda ba Kirista ba. A shekara ta 362 sarki Yuliyanus, wanda ya so mayar da daular ga bautar gumaka, ya koka a wata wasiƙa cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu, suna kuma ciyar da na wasu.

Siffar da aikin yake da ita a yau ba ta daɗe ba. Ƙungiyar Salvation Army, wadda William da Catherine Booth suka kafa a Landan a 1865, ta yi babban aikin agajinta na farko a Amurka bayan guguwar da ta shafe birnin Galveston a 1900, ta kashe aƙalla mutum 6,000. Amma waɗanda suka mayar da gyaran gida bayan bala'i aikin ibada mai tsari su ne 'yan ɗariƙar Menonayit. Wannan ɗariƙa ta haramta wa mabiyanta ɗaukar makami, don haka a yaƙin duniya na biyu samarinta da yawa suka yi aikin farar hula a madadin soja, a gandun daji da asibitocin masu taɓin hankali. Da yaƙi ya ƙare sai suka fara tunanin yadda za su ci gaba da hidima a lokacin zaman lafiya. A 1950, a wani taron cin abinci na ajin makarantar Lahadi a garin Hesston na jihar Kansas, aka yanke shawarar haɗa ƙungiya, kuma ambaliyar 1951 a wannan jiha ce ta zama gwajinsu na farko. Daga nan Mennonite Disaster Service ta samo asali. Tun can dama manoman Menonayit da na ɗariƙar Amish suna da al'adar taruwa su ta da rumbun maƙwabci da ya ƙone cikin yini ɗaya ko biyu, wato dai aikin gayya irin wanda ƙauyen Hausa ya sani, sai dai su sun ɗora gayyar a mota sun kai ta garuruwan da ba su san kowa ba.

Sauran ɗariƙu suka biyo baya, kowa da ɓangaren da ya ƙware. 'Yan Baptis na kudancin Amurka sun fara ne a 1967 bayan guguwar Beulah a Texas, suka shahara da manyan motocin girki da rigunansu masu ruwan ɗorawa. Majami'ar Metodis tana da hukumar agajinta, UMCOR, tun 1940. Bob Pierce ya kafa Samaritan's Purse a 1970, Franklin Graham ya karɓi jagorancinta a 1979. Millard da Linda Fuller suka kafa Habitat for Humanity a 1976 a jihar Georgia, bisa sharaɗin mai gidan zai zuba nasa gumin a ginin, ya biya bashin a hankali ba tare da an ci riba a kansa ba. Shigar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter cikin aikinta daga 1984 ta sa sunanta ya zaga duniya. Arhar jirgin sama da hotunan talabijin suka ƙarasa sauran aikin: mutum zai ga ɓarnar da daddare, kafin mako ya zagayo yana wurin.

Guguwar Katrina ita ce ta nuna iyakar abin da wannan al'ada za ta iya idan komai ya dace. Ta sauka gaɓar tekun Louisiana da Mississippi ranar 29 ga Agusta 2005. Ganuwar da ke tare ruwa daga birnin New Orleans ta ɓalle a wurare da dama, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, fiye da mutum 1,000 suka mutu. Gidaje suka yi makonni cikin ruwa mai haɗe da mai da bahaya. Gidan Amurka kuwa galibi katako ne da allunan farar ƙasa, idan ya sha ruwa sai fumfuna ta cinye shi. Kafin a yi maganar gyara dole a yashe shi tas: a fitar da kujeru da katifu da darduma, a ɗaure firji da ruɓaɓɓen abincin da ke ciki a ja shi waje ba tare da an buɗe ba, a ɓamɓare bangon ciki har sai ginshiƙan katako sun bayyana, a kankare su, a bar su su bushe. Aiki ne mai wari da gajiya, ba ya buƙatar gwaninta, amma idan ɗan kwangila zai yi shi kuɗin ya fi ƙarfin tsohuwar da ba ta da inshora. A nan ne ayarin majami'u suka yi rana. Cikin shekara biyu masu aikin sa-kai fiye da miliyan ɗaya suka je yankin, kuma kaso mai yawa daga cikinsu ta hannun ƙungiyoyin addini suka zo. 'Yan Baptis suka dafa miliyoyin kwanukan abinci. Gwamnatin tarayya ta damƙa wa UMCOR dala miliyan 66 don bin kadin iyalai gida-gida. Menonayit suka zauna shekaru, suna zaɓen gidajen tsofaffi da naƙasassu da iyaye mata masu reno su kaɗai.

Duk da haka, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi saurin farfaɗowa ba baƙi suka tashe ta ba. 'Yan asalin Biyetnam da ke gabashin birnin, waɗanda rayuwarsu ke kewaye da majami'ar Katolika ta Mary Queen of Vietnam, limaminsu Fada Vien Nguyen ne ya bi su sansani-sansani a jihohi daban-daban yana tattara sunaye. Suka dawo da wuri, suka gyara gidajen juna, suka matsa wa kamfanin wuta har ya maido musu da lantarki. Baƙi sun taimaka, amma kan wani tsari da masu unguwa suka riga suka kafa.

Duk wanda ya shiga gidan da ruwa ya ci zai haɗu da tambaya mafi tsufa a addini, domin mai gidan zai yi ta ko bai furta ba: me ya sa Allah ya bar wannan ya faru? Kiristocin Turai sun yi wannan muhawara da zafi bayan girgizar ƙasar Lisbon, babban birnin Fotugal, ranar 1 ga Nuwamba 1755. Ranar idin tsarkaka ce, majami'u cike da masu ibada, dubun dubata suka hallaka. Masu wa'azi irin su Gabriel Malagrida a Lisbon da John Wesley a Ingila suka ce horo ne da gargaɗi saboda zunubi. Marubuci Voltaire ya ƙi yarda cewa akwai wani laifi da jariran da gini ya danne suka yi. Wani marubucin, Rousseau, ya ba shi amsa ta wata fuska, ya ce ai ba ƙasa ce ta cunkushe mutane cikin benaye masu hawa shida da bakwai ba. Wannan magana ta Rousseau ta fi sauran tsawon rai. A 2006 rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta amsa cewa akwai kuskure a yadda aka tsara ganuwar New Orleans. A 2010 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7 ta kashe mutum fiye da 100,000 a Haiti, wasu ƙididdigar ma sun haura 300,000. Bayan mako shida wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, mai maki 8.8, ta afka wa Chile, inda ake bin dokar gini, mutanen da suka mutu ba su kai 600 ba. Girgiza daga Allah take, amma bulo mai ƙarancin siminti da ginshiƙi marar rodi aikin hannun mutum ne.

Ra'ayin cewa bala'i sakayyar zunubin waɗanda ya faɗa wa ne bai mutu ba. Kwana ɗaya bayan girgizar Haiti, mai wa'azin talabijin Pat Robertson ya danganta ta da wai kakannin 'yan ƙasar sun ƙulla alkawari da Shaiɗan don su kori Faransa, kuma shugabannin Kirista da yawa suka yi tir da maganar. Suna da hujja daga littafinsu. A sura ta 13 ta Luka, Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya musanta cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. A sura ta 9 ta Yahaya ya ƙi ɗora makantar wani mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa. Abokan Ayuba uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma ba a zarge su da wannan ba. Sai da suka buɗe baki suna nema masa laifin da ya jawo masa musiba ne Allah ya tsauta musu. Saboda haka ƙungiyoyin da suka daɗe a aikin suke horar da mutanensu cewa kada su yi wa mai makoki tafsirin musibarsa. Su saurara, su ɗauki shebur, idan ya nemi addu'a a yi masa. Wannan horo daidai ne, kuma mai karatu Musulmi, wanda ya san musiba a matsayin jarrabawa da kan sami salihi da fajiri, ba zai ga baƙon abu a cikinsa ba.

Matsala ta fi fitowa idan tafiyar ta tsallaka iyaka zuwa ƙasa matalauciya. A ƙarshen Oktoba 1998 guguwar Mitch ta kashe mutum fiye da 11,000 a tsakiyar nahiyar Amurka, mafi yawansu a Honduras da Nicaragua. Majami'u daga Amurka da Kanada suka aika ayari-ayari don gina gidaje. Bayan 'yan shekaru Kurt Ver Beek, malami a Kwalejin Calvin ta jihar Michigan, wanda shi ma Kirista ne kuma ya daɗe yana zaune a Honduras, ya bi sawun aikin da hukumar agajin wata ɗariƙa ta yi, ya buga sakamakon a 2006. Ya gano cewa ayari ɗaya kan kashe kimanin dala 30,000, galibi a kuɗin jirgi da masauki, don gina gidan da ƙungiyar Kirista ta cikin ƙasar ke ginawa a kan dala 2,000. Kuɗin gida goma sha biyar ke nan a gida ɗaya. Iyalan da baƙi suka gina wa gida ba su fi waɗanda 'yan ƙasa suka gina wa samun wani ci gaba ba, ko a rayuwa ko a ibada. Matafiyan sun ce tafiyar ta canza su, sun ƙara yawan baiko, amma da aka duba littattafan kuɗi ƙarin kaɗan ne. Zumuncin da aka ƙulla da hawaye a ranar rabuwa kuwa, kaɗan ne suka ci gaba da shi ko da ta wasiƙa.

Dalilin bambancin Katrina da Mitch a bayyane yake. A Amurka ƙwadago na da tsada, hanya kuma ba ta da tsada, mutum zai tuƙa motarsa da kayan aikinsa, yana jin harshen mai gida, ya san irin ginin. Har ma hukumar agajin gaggawa ta ƙasar tana lissafa sa'o'in masu aikin sa-kai a cikin kason kuɗin da ƙaramar hukuma za ta biya. A Honduras ko Haiti lamarin a juye yake. Hannun aiki ya yi yawa, aikin ne babu. Birkila da kafinta da lebura suna zaune ba abin yi, su ma bala'in ya cinye musu gida, kuma albashin mako biyu zai ciyar da 'ya'yansu, ya zaga kasuwar unguwa. Ɗalibin da ya zo daga nesa yana cakuɗa siminti kyauta, da zuciya ɗaya, yana iya zama shi ne ya raba wani magidanci da abincin ranar. Tun a 1968 Ivan Illich, limamin Katolika, ya faɗa wa ɗaliban Amurka masu shirin zuwa aikin sa-kai a ƙasar Meksiko cewa su zo su ga ƙasar, su koyi harshenta, amma su bar tunanin sun zo ceton kowa.

Masu kare tafiyar suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Suna cewa kuɗin da mutum zai tara don tafiyar ɗansa ba zai taɓa tara shi don aikawa kawai ba, saboda haka kwatanta dala 30,000 da 2,000 lissafi ne na takarda. Suna cewa da yawa daga cikin waɗanda suka ba da rayuwarsu ga aikin jinƙai da irin wannan mako guda suka fara. Sama da duka suna cewa addininsu ya ginu ne a kan imani cewa Allah bai aiko da taimako daga nesa ba, ya zo da kansa ya zauna cikin mutane, don haka zuwa da jiki yana da darajar da kuɗi ba su da ita. Wanda ya yi wata shida a tanti, duniya ta manta da shi, yakan ji wani abu idan baƙo ya tako ƙafa ya zo ya tambayi sunansa. Wannan gaskiya ne. Amma misalin Basamariyen da ake kafa hujja da shi bai tsaya a bakin hanya ba. Bayan ya ɗaure raunukan, ya kai mutumin masauki, ya ba mai masaukin dinari biyu ya ci gaba da jinya, ya kuma yi alkawarin dawowa ya biya abin da ya ƙaru. Ya zo da jikinsa, ya biya ɗan gari ladan aikinsa, ya ɗaure kansa da komowa. Ayarin da ya ɗauki na farko ya bar biyun bai cika misalin ba.

Tambaya mafi zafi ita ce ta wa'azi. Sura ta 28 ta Matiyu ta umarci almajirai su kai bishara ga dukan al'ummai, kuma babban taron Kiristocin bishara da aka yi a Lausanne ta ƙasar Suwizalan a 1974 ya tabbatar cewa wa'azi da hidimar jama'a duka wajibi ne. Yadda za a haɗa su a gaban mutumin da ba shi da rufi ne ya raba ƙungiyoyi. Menonayit da Katolika da Metodis galibi sukan bar aikin ya yi magana. Samaritan's Purse ba ta ɓoye cewa bishara ce manufarta. Idan aiki ya ƙare, ma'aikatanta kan sa hannu a Littafi Mai Tsarki su miƙa wa mai gida. A garin da kowa Kirista ne wannan kyauta ce ta zumunci. A wani wurin lamarin ya sha bamban. Bayan igiyar ruwan tsunami ta 26 ga Disamba 2004, wadda ta kashe kusan mutum 230,000, mafi yawansu a lardin Aceh na Indonesiya inda kusan kowa Musulmi ne, wata ƙungiyar mishan ta jihar Virginia mai suna WorldHelp ta nemi gudummawa don renon marayun Aceh 300 a gidan yara na Kirista a Jakarta. Da jaridu suka fallasa shirin a Janairun 2005, gwamnatin Indonesiya ta ce ba ta yarda ba, aka janye shi. Ɓarnar da ya yi ta wuce ƙungiyar, domin ya jefa zargi a kan sauran ma'aikatan agaji Kirista da ba su zo da wata manufa ba.

Kiristoci da kansu sun rubuta ƙa'ida a kan wannan. Dokar ɗa'a ta aikin agaji da aka fitar a 1994 tare da ƙungiyar Red Cross da Red Crescent, wadda Caritas ta Katolika da Majalisar Majami'u ta Duniya da tarayyar Lutheran suna cikin waɗanda suka tsara ta, ta ce buƙata kaɗai ake dubawa wajen raba taimako, kuma ba za a ɗaura shi a kan karɓar wani addini ba. Paparoma Benedict na 16, a wasiƙarsa ta farko ga majami'a a ƙarshen 2005, ya hana a mayar da sadaka ƙugiyar jawo mutane. A 2011 fadar Vatican da Majalisar Majami'u ta Duniya da ƙawancen Kiristocin bishara na duniya suka fitar da takarda ɗaya da ta ce cin gajiyar talauci da buƙatar mutum ba shi da gurbi a shaidar Kirista. Hikimar wannan ƙa'ida ba ta da wuyar ganewa. Ba sai an tilasta wa mabuƙaci da baki ba. Kunya kaɗai ta isa. Wanda aka rufa wa ɗaki jiya ba zai iya tashi ya bar wa'azin mai rufin yau ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amincewar da aka samu a irin wannan hali ba ta fito daga 'yantacciyar zuciya ba, kuma addinin da ya ce bangaskiya kyauta ce daga Allah ba shi da abin yi da ita. An kuma ga cewa wata hanyar na yiwuwa: UMCOR da ƙungiyar Muslim Aid ta Birtaniya sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa a Sri Lanka a 2006, suka sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa a 2007.

Haiti ta nuna inda kyakkyawar niyya marar sani ke kai mutum. A ƙarshen Janairun 2010, 'yan Baptis goma, yawancinsu daga jihar Idaho, ƙarƙashin jagorancin Laura Silsby, aka kama su a kan iyakar Jamhuriyar Dominika da yara 33 ba tare da takardu ba. Sun ce marayu ne za su kai gidan reno. Bincike ya nuna mafi yawan yaran suna da uwa ko uba a raye, waɗanda suka miƙa su saboda an yi musu alkawarin makaranta da abinci. An saki sauran, ita kuma kotu ta same ta da laifin shirya tafiya ba bisa ƙa'ida ba. Lamarin ya buɗe ido a kan wata babbar matsala: kimanin kashi 80 cikin 100 na yaran da ke gidajen marayu a Haiti ba marayu ba ne. Kuɗi da ziyarar baƙi sun sa buɗe irin waɗannan gidaje ya zama sana'a, talauci kuma ya sa iyaye suna kai 'ya'yansu. Da abin da ake kashewa a kan yaro ɗaya a gidan marayu an ba uwarsa, da yana ɗakinta.

Waɗannan darussa sun sauya yadda majami'u da yawa ke shirya tafiya. Littafin da Steve Corbett da Brian Fikkert suka wallafa a 2009 ya yaɗa rabe-raben mataki uku. Akwai agajin gaggawa na kwanakin farko, aikin masu ceto da likitoci, inda zuwan wanda ba a horar ba nauyi ne a kan ruwa da abinci da gado da suka riga suka yi ƙaranci. Akwai farfaɗowa, inda ake aiki tare da mai gida. Akwai kuma raya al'umma, wanda ke cin shekaru. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ci gaba da rabon kyauta bayan lokacinsa ya wuce, har mutane su saki sana'arsu. Ƙungiyoyi masu tsari yanzu ba sa zuwa sai an gayyace su. Kwamitin mutanen gari ne ke zaɓen gidan da za a fara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akan sa ƙwararren magini ya duba kowane aiki, a sayi kaya a kasuwar wurin, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa, a kuma riƙa komawa gari ɗaya shekara bayan shekara. An fi buƙatar hannu a shekara ta biyu da ta uku, lokacin da 'yan jarida sun tafi, gudummawa ta ja baya. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da tafiye-tafiye cak, sannan sace mutum 17 na ƙungiyar Christian Aid Ministries da wata ƙungiyar 'yan daba ta yi a Haiti a Oktoban 2021 ya sa da yawa suka daina aika mutane can. Abin da ya ci gaba da tafiya a wannan tsakani shi ne aikin da ke hannun 'yan ƙasa tun farko.

A arewacin Nijeriya akwai misalin da ya kusanci wannan tsari, ko da yake bala'in na hannun mutum ne. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda mishan na Church of the Brethren suka dasa a Garkida a 1923, ta rasa dubban mabiya da ɗimbin majami'u a rikicin Boko Haram, har hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun maharan a Oktoban 2014. 'Yan'uwansu na Amurka suka tara kuɗi, amma sashen agaji na ikilisiyar ta Nijeriya ne ya riƙa rabon abinci da iri da kwanon rufi. Baƙi ƙalilan ne suka zo, a 2016 da 2017, suka ɗauki bulo tare da masu wurin a ƙarƙashin maginan gida. A Gurku ta jihar Nasarawa an kafa matsuguni da ya haɗa 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista a unguwa ɗaya. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar, da ta Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, masu kwale-kwale da matasan unguwa da 'yan agajin masallatai da ƙungiyoyin zumuntar mata na majami'u suna cikin waɗanda suka fara kai ɗauki, tun kafin taimakon nesa ya iso. Majami'ar ƙetare da ke son sa hannu a irin wannan wuri tana da waɗanda za ta damƙa wa gudummawarta, kuma a gari irin Maiduguri, inda addinai biyu ke zaune bango da bango bayan shekaru na zubar da jini, rabon da ya tambayi addinin mabuƙaci yana iya ta da fitinar da ta fi ambaliyar. Madatsar Alau kuwa, wadda ta taɓa ɓallewa a 1994, gyaranta ya fi ƙarfin kowace ikilisiya da kowane masallaci; a farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta.